Tafiyar Sayen Wuta a Ƙetaren Iyaka

Kwanana tara da sauka a Amurka, ɗan ƙanena ya zo ya zauna kusa da ni bayan sallar isha'i, ya rage murya ya ce, "Baffa, ka roƙar mana Abba ya kai mu New Hampshire." Shekararsa 11, a can aka haife shi, Hausarsa tana ɗan gargada amma ba ta ɓata. Na tambaye shi me ake yi a New Hampshire ɗin. Ya ce a can, jihar da ke maƙwabtaka da tasu, ake sayar da kayan wasan wuta, kuma saura kwana shida bikin 4 ga Yuli, ranar 'yancin kan Amurka, duk 'yan ajinsu sun riga sun je.

Bayan Babbar Sallar 2024 na bar Kano na tafi wajen ƙanena a Lynn, wani gari a bakin teku, arewa da Boston kaɗan, cikin jihar Massachusetts. Ma'aikacin jinya ne a wani asibiti. Gidan da suke haya bene ne na katako mai hawa uku, kowane hawa iyali guda, kuma haka kusan duk gidajen layin suke. Tsakanin gida da gida ɗan lungu ne da mota ɗaya ke shiga da ƙyar. Tun ranar da na iso nake kallon katakon nan ina mamaki, domin ni idona ya saba da bulo da laka.

Da na kai wa uban yaron maganar, sai ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Yaya, a jihar nan ko ɗan tsinken nan mai tartsatsi da yara ke riƙewa a hannu, laifi ne ka mallake shi." Ya yi min bayani dalla-dalla. Cikin jihohi 50 na Amurka, Massachusetts ce kaɗai ta hana mutum saye ko ajiye ko kunna kowane irin kayan wasan wuta. In aka kama ka da su, za a ƙwace, a ci ka tarar dala 10 zuwa 100. Wanda aka kama yana sayarwa kuwa tararsa tana iya kai wa dala 1,000, ko ɗaurin da bai wuce shekara ɗaya ba. Masu lasin ne kawai ke harba wuta, su ma sai da izinin 'yan kwana-kwana. Amma in ka tuƙa mota ƙasa da awa ɗaya ka nufi arewa, za ka tarar da kantuna jere, ba abin da suke sayarwa sai wannan kaya, a fili, da rasit.

Abin bai zame min baƙo ƙwarai ba. Mu ma mun ga lokacin da aka hana acaɓa a Kano a 2013, alhali ana ta yin ta a garuruwan maƙwabta. Sai dai acaɓa ba ta shiga but ɗin mota.

Ƙanena ya ce shi ba zai shigo da ko tsinke ɗaya gidansa ba. Ba tarar dala 100 ce ke damunsa ba. Takardunsa na zama ɗan ƙasa suna hannun hukuma, ba ya son sunansa ya shiga kowane littafin 'yan sanda ko da a kan ƙaramin abu ne. Ga kuma wata dokar tarayya da ta hana ɗauko irin wannan kaya a shigar da su jihar da ta haramta. Bayan wannan, ya ce ya sha yin aikin dare a makon 4 ga Yuli, ya san irin hannuwan da ake kawowa. Amma akwai mafita. Wata abokiyar aikinsa tana zaune a ƙauye cikin New Hampshire, ita da mijinta sun daɗe suna gayyatarsu. Sai mu sayi kayan a can, mu ƙone su a can, mu dawo hannu rabbana.

Ranar Asabar 29 ga Yuni muka kama hanya da hantsi, ni da shi a gaba, matarsa da yara uku a baya. Muka hau babbar hanya mai lamba 95. Daji kore shar a dama da hagu, irin koren da ba mu gani sai tsakiyar Agusta. Muka haye kogin Merrimack kusa da Newburyport, muka wuce Salisbury, garin ƙarshe na Massachusetts. Kafin nan mun wuce wani allon lantarki a gefen titi yana gargaɗin cewa kayan wasan wuta haramun ne a jihar, a bar wa ƙwararru. Na zuba ido in ga iyakar. Ba shinge, ba ɗan sanda, ba ko ganga. Allo ɗaya ne mai cewa barka da zuwa. Itatuwan da ke bayansa su ne dai irin na gabansa.

Seabrook shi ne gari na farko. Muna sauka daga babbar hanya muka hau titi mai lamba 1, sai ga su: manyan kantuna kamar sito, da tutoci, da alluna masu cewa sayi ɗaya a ba ka ɗaya kyauta. A filin ajiye motoci na wanda muka tsaya, na bi lambobin motoci da ido. Na New Hampshire suna ɗauke da taken jihar, wanda ma'anarsa ko dai 'yanci ko mutuwa. Amma mafi yawan motocin da na gani a filin nan lambar Massachusetts gare su, irin tamu. Na nuna wa ƙanena. Ya ce, "Ai don su aka gina kantunan a nan, Yaya. Kana ganin mutanen Seabrook kaɗai za su cinye wannan kaya?" Ya ƙara da cewa jihar ba ta karɓar harajin ciniki, don haka ba wuta kaɗai ake tsallakowa saye ba. Har ɗamarar kujerar mota, ita ce jihar da ba ta tilasta wa babba ɗaurawa.

A ƙofa wani saurayi ya karɓi lasin tuƙin ƙanena ya duba. Sai wanda ya kai shekara 21 ake sayar wa a New Hampshire. Ya ga adireshin Lynn ƙuru-ƙuru a jikin katin, ya miƙo masa, ya ce mu shiga. Sayar mana bai saɓa wa dokar jiharsu ba. Abin da za mu yi da kayan bayan mun fita, wannan tsakaninmu ne da tamu jihar.

Ƙamshin wurin ne ya fara dukana, warin albarushi da sabon kwali. Nan take na tuna 'yan bindigar Sarki ranar hawan Daushe, in sun saki bindigoginsu hayaƙi ya turnuƙe Ƙofar Kudu. Kantoci ne dogaye har ƙarshen sito, an jera kaya kala-kala kamar alewa. Akwai masu feshin tartsatsi daga ƙasa kamar maɓuɓɓuga. Akwai sanduna masu tofo ƙwallayen wuta ɗaya bayan ɗaya. Akwai manyan kwalaye masu bututu da yawa a ciki, lagwani ɗaya za ka kunna su yi ta tashi sama da kansu. Su ake kira kek, kuma mafi girman da doka ta yarda a sayar wa gama-gari shi ne mai giram 500 na garin wuta. A saman kantocin an kafa talabijin, kana nuna lambar kwali sai a nuna maka yadda zai yi a sararin sama. Na ga dattijo da jikokinsa suna tura keken kaya biyu cike fal.

Na ɗauki kwali ɗaya na juya bayansa. A Chaina aka yi, kamar kusan duk abin da ke kantin. Garin Liuyang na lardin Hunan ya shahara da wannan sana'a tun da daɗewa. A jikinsa an rubuta gargaɗi: a ajiye a ƙasa mai tauri, kada a riƙe a hannu, a kunna a matsa. Wata ma'aikaciya da ta ga ina karantawa da gaske ta tsaya ta yi min ƙarin bayani. Ta ce gwamnatin tarayya ce ke yanke yadda za a ƙera kayan, jihohi kuma su yanke wa zai saya da inda za a kunna. Nokawut irin na ƙasa ba zai wuce miligiram 50 na gari mai fashewa ba. Lagwani dole ya ci aƙalla daƙiƙa 3 kafin ya kai, kada kuma ya wuce 9. Manyan nokawut masu cire yatsu, irin wanda ake kira M-80, tun 1966 aka hana sayar da su a duk ƙasar. Wannan na daƙiƙa 3 zuwa 9 ya tsaya min a rai. In ya yi sauri ba ka gudu ba, in ya yi jinkiri za ka zaci ya mutu ka dawo ka leƙa. Wanda ya zauna ya auna wannan ya san halin ɗan Adam.

Muka sayi kek biyu matsakaita, da masu feshi huɗu, da fakitin tsinken tartsatsi wanda ƙaramar, mai shekara 5, ta rungume ta ƙi saki. Dala 140 da 'yan kai. Ban bari zuciyata ta juya shi zuwa naira ba sai da muka fita, kuma da ta juya na yi shiru na ɗan lokaci.

Gidan masu masaukinmu yana can ciki, tafiyar kusan minti 40 ta ƙananan hanyoyi. Fili ne babba da ciyawa, da rumbun ajiye itacen hunturu, maƙwabci mafi kusa sai ka hango rufinsa ta tsakanin bishiyoyi. Maigidan dattijo ne mai farin gemu, ya shekara 30 yana tuƙa tirela, yanzu yana cikin 'yan kwana-kwanan sa-kai na ƙauyensu. Sun san ba ma cin naman alade, sai suka gasa mana kifi da masara a kan waya daban. Wannan karamci ya shiga raina.

Kafin mu ci abinci ya ce mu kawo kayan ya gani. Ya juya kowane kwali, ya kai su inuwa nesa da wurin gashi. Ya ce a jiharsu ma ba ko'ina ake kunnawa ba. Sai a filinka, ko filin wanda ya ba ka izini. A gandun shaƙatawa na jiha an hana. Kuma kowane gari yana da ikon ƙara tasa dokar: wani ya ce sai ka karɓi takarda, wani ya hana gaba ɗaya. Shi ya riga ya kira ofishin garinsu ya tabbatar, ya kuma gaya wa maƙwabtansa biyu cewa za a yi ƙara tsakanin tara da goma, saboda ɗayansu yana da dawaki.

Da ya ji ni baƙo ne mai yawan tambaya, sai ya buɗe min taswirar da ke kansa. Ya bi hanyoyin ƙasar nan ya san kowace iyaka da kantunanta. Ya ce in kana fita daga Chicago ka nufi gabas, tun kafin ka bar jihar Illinois, inda birnin yake, alluna ke kiranka zuwa jihar Indiana, domin Illinois ba ta yarda da komai ba sai tsinken tartsatsi da 'yan ƙananan abubuwa, Indiana kuwa tana sayar wa ɗan shekara 18, tana ɗora kashi 5 cikin ɗari a kan kuɗin don ayyukan kare lafiyar jama'a. Na Pennsylvania ya fi ba ni mamaki. Kafin 2017, kantin da ke cikin jihar zai sayar wa baƙo daga wata jiha manyan masu tashi sama, amma ɗan jihar in ya nuna katinsa sai a ce masa a'a. A shekarar aka buɗe wa kowa, aka ɗora harajin kashi 12 cikin ɗari, aka ce kada a kunna sai da tazarar ƙafa 150 daga gini, wato kusan mita 45.

Sai Ohio. A can shekara da shekaru an yarda ka saya amma ba a yarda ka kunna ba. Doka ta ce ka fitar da kayan daga jihar cikin awa 48. An daɗe ana sa mai saye ya sa hannu a takarda cewa zai fitar, har mutane suka raɗa mata suna takardar maƙaryata. A Yulin 2022 sabuwar doka ta fara aiki, ta ware ranakun da za a kunna: 3 da 4 da 5 ga Yuli, daren sabuwar shekara, har da bikin Diwali na Indiyawa da sabuwar shekarar 'yan Chaina, kuma ta bar wa kowane gari damar ya ce shi bai yarda ba. Dattijon ya ce shi wannan ta fi kwanta masa. Dokar da ke sa mutumin kirki ya rattaba hannu a kan ƙarya, in ji shi, tana koya masa raina sauran dokoki. Na yarda da shi a wannan.

Rana ba ta faɗi ba sai wajen takwas da rabi. Muka yi magariba a kan ciyawa, su kuma suka ja gefe suka yi shiru har muka idar. Sannan maigidan ya shimfiɗa faffaɗan katako a tsakiyar fili, ya tokare kowane kek da bulo biyu don kada ya kife ya harbo mutane. Ya jawo mesar ruwa, ya cika bokiti biyu. Ya ja layi da ƙafarsa ya ce ba wanda zai tsallake. Shi kaɗai zai kunna, da tabarau a idonsa, ɗaya bayan ɗaya.

Ba zan ɓoye ba, abin ya yi kyau. Na farko ya tashi da fito, ya buɗe ja kamar furen da aka watsa, kafin ya mutu kore ya biyo shi, sai ruwan zinariya ya zubo a hankali yana ƙyalli har ya kusa taɓa kan bishiyoyi. Yaran suna ihu, uwarsu tana ta "Masha Allah." Ni kaina na tsinci bakina a buɗe. Ƙarar tana dukan ƙirji, amma ina ganin hannun da ya kunna, na san daga inda za ta zo da lokacin da za ta zo. Ɗaya daga cikin masu feshin ya ƙi tashi. Ɗan ƙanena ya yunƙura zai je, dattijon ya daka masa tsawa da muryar da ban zaci yana da ita ba. Aka bar shi minti 20, sannan ya ɗauke shi da shebur ya nutsa a bokiti.

A kan tsinken tartsatsi ne aka yi gardama. Matar ƙanena ta ce ai wannan na yara ne, a ba ƙaramar ta riƙe a ɗauke ta hoto. Mijinta ya ce, "Maman yara, wannan ɗin shi na fi tsoro." Ya ce zafin bakinsa ya haura digiri 1,000, ninki goma na tafasasshen ruwa, kuma ko ya mutu wayar tana nan da zafinta, yaro ya taka ko ya damƙa. Manyan kwalaye kowa yana jin tsoronsu ya matsa, wannan kuwa uwa ce da kanta ke danƙa wa ɗanta. Ya ce hukumar tarayya mai lura da lafiyar kayan masarufi ta fitar da lissafin 2023 a watan nan: mutum 8 suka mutu, kimanin 9,700 aka kai sashen gaggawa. A 2020, shekarar korona, da aka soke bukukuwan gari kowa ya koma yi a ƙofar gidansa, 18 suka mutu, kimanin 15,600 suka ji rauni. Daga ƙarshe aka soke tsinkayen a ƙasa aka kunna, yarinyar ta kalla daga cinyata. Ta yi kuka kaɗan, ta manta.

Fakiti ɗaya ya rage. Yaron ya roƙa a saka a ƙarƙashin kujera, wa zai gani? Uban ya karɓa ya miƙa wa maigidan. Mun tsallako iyaka wajen sha ɗaya na dare, but ɗinmu ba komai sai ragowar masara. Motocin da ke gabanmu da bayanmu, Allah kaɗai ya san abin da suka ɗauko.

Mu ma mun sani daga baya, domin tun daren Litinin unguwar ta fara amsawa. Ina kwance wajen ƙarfe ɗaya, sai ji na yi dum! a bayan gida, tagar tana rawa, ƙararrawar wata mota ta ɗauka. Ban san lokacin da na diro daga gado na kwanta a ƙasa ba. Jikina ya riga hankalina.

Ranar Juma'a 20 ga Janairun 2012 ina hanyar komawa gida daga Kantin Kwari, bayan la'asar, aka fara tayar da bama-bamai a Kano. Wanda yake garin a ranar ba ya buƙatar a ba shi labari. Sama da mutum 180 suka rasu, aka sa dokar hana fita, muka kwana muna jin harbi muna kiran lambobin da ba a ɗauka. Akwai yaron shagonmu da bai dawo ba. Shekara 12 ke nan, na ɗauka abin ya bar ni. Tun daga lokacin, in na ji 'yan sanda sun sanar da hana nokawut gab da Sallah ko Kirsimeti, ba na cewa sun takura wa yara. A daɓen ɗakin baƙi a Lynn, ina salati ina jiran ta biyu, na gane cewa albarushin da ya sa ni murna ranar Asabar shi ne wannan. Bambancin kawai, wancan an gaya min zai zo.

Da safe na faɗa wa ƙanena. Ya ce ba ni kaɗai ba ne. A hawa na ƙasa akwai tsohuwa 'yar Kambodiya da ta tsere wa yaƙin ƙasarsu, duk makon nan a banɗaki take kwana da rediyo a kunne. Akwai tsofaffin sojoji, akwai jarirai, akwai karnukan da ke ɓallewa su ɓata. Na tambaya ina 'yan sanda? Ya ce suna zuwa in an kira, amma kafin su iso mai kunnawa ya shige gida, hayaƙi kawai za su tarar. 'Yan sandan jiha kan yi kwanto kusa da iyaka su ƙwace na wasu motocin, sai dai wa zai tsayar da duk motar da ke kan hanyar 95?

Ranar Alhamis, 4 ga wata, muka shiga jirgin ƙasa daga tashar Wonderland zuwa cikin Boston don kallon na hukuma. A bakin kogin Charles ake yi duk shekara, ƙungiyar makaɗa ta Boston Pops tana kiɗa a dandali, sannan a harba wuta daga kan jiragen ruwa da aka girke a tsakiyar kogi. An bincike jakunkunanmu a ƙofa; tun harin bam na gasar gudun 2013 garin ba ya wasa da taro. Jama'a kamar ranar hawan Nasarawa, kowa da tabarmarsa da ruwansa. Muna jira ƙanena ya ba ni labarin John Adams, shugaban Amurka na biyu, wanda ɗan jihar nan ne. A ranar 3 ga Yulin 1776 ya rubuta wa matarsa Abigail wasiƙa daga Philadelphia cewa jikoki za su riƙa bikin 'yancin nan da fareti da harbin bindiga da ƙararrawa da hasken wuta daga wannan gefen ƙasa zuwa wancan. Shi 2 ga wata ya zaci za a riƙe, sai aka riƙe 4, kuma a ranar 4 ga Yulin 1826 ya rasu. Wajen goma da rabi aka fara. Abin da muka ƙona a ƙauye bai kai ɗigo ba a nan. Sama ta cika, kogi ya ɗauki hoton sama, gilasan benaye suka ɗauki na kogi. Kusan rabin awa ana yi, ban firgita ko sau ɗaya ba.

A jirgin dawowa na yi ta auna abin. Da farko na ɗauka Massachusetts ta cika tsanani, tunda ga shi ba a bin dokar. Kuma gaskiya ne hani na gaba ɗaya yana da aibi: tunda an ce babu, ba a ware rana ba, ba a ware awa ba, mai karya doka ba shi da ƙarfe goma da zai tsaya a kai. Tsarin Ohio ya fi ta wannan fuska, domin tsohuwar hawa na ƙasa za ta san daren da za ta shirya masa. Amma da na tuna tazarar mita 45 ta Pennsylvania, na auna ta da layinmu, sai na ga ko da dokarsu aka kawo Lynn, babu taku ɗaya a unguwar da za a kunna ashana. Filin dattijo daban, lungun gidajen katako daban. A ganina 'yan majalisar da suka ƙi buɗe wannan ƙofa sun dubi irin gidajen da mutanensu ke kwana a ciki, kuma da ni mazaunin layin nan ne da ina bayansu. Wanda nake jin haushi shi ne mai tuƙa awa ɗaya ya ɗauko abin da aka yi don fili, ya zo ya kunna a ƙarƙashin tagar mutane.

Sha biyu ta wuce muka shigo layinmu, hayaƙi ya rufe fitilun titi. Wasu samari sun ajiye kek a tsakiyar kwalta tsakanin motoci biyu, ba bulo, ba bokiti. A harbi na huɗu ko na biyar ya kife. Ƙwallon wuta ɗaya ya bi ƙasa ya shige lungun gidan da ke kallon namu, ya faɗa cikin kwalayen da aka tara a gefen kwandon shara. Samarin suka watse. Ƙanena ya ce matarsa ta shige da yara, shi da wani maƙwabci ɗan Dominika suka jawo mesar wanke mota, ni kuma na yi ta dukan ƙofar gidan ina kiran mutane su fito. Kafin motar kwana-kwana ta iso an kashe, amma wutar ta riga ta lashi bangon katakon har tsayin mutum, fentin ya kumbura ya yi baƙi. A hawa na biyu na gidan akwai mai jego, ta fito da jaririnta a zani, ba takalmi.

Washegari bayan asuba na kasa komawa barci, na sauko da tsintsiya. Titin cike yake da jajayen takardu da bututun kwali da wayoyin tsinke. Ɗan ƙanena ya biyo ni da ledar shara. Ya tsinci gindin kek ɗin da ya kife, ya juya shi, ya ga irin wanda muka saya ne a Seabrook, har hoton damisar da ke jiki. Ya daɗe yana kallon baƙin bangon can, sannan ya ce, "Baffa, ba su sa bulo ba." Na ce masa ya riƙe bakin ledar da kyau. Tsohuwar hawa na ƙasa ta buɗe tagarta ta ɗaga mana hannu, muka ci gaba da shara har bakin kwana.